Maganin da Na Yi Ta Ɗauko wa Yayana daga Gashuwa

Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina ɗauko wa yayana magani daga Gashuwa ban san ko na mene ne ba. Har yau abin yana damuna, kuma saboda haka ne na zauna nake wannan rubutu, ko da yake hannuna bai daɗe da sabawa da biro ba.

Sana'ata tattasai. Ina saro busasshen tattasai da barkono a Gashuwa in kawo kasuwar Nguru in sayar a mudu. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, bandar kifi yake lodawa zuwa Kudu. Ya girme ni da shekara shida, kuma shi ya fara riƙe hannuna ya shigar da ni kasuwa bayan rasuwar mahaifinmu. Tun muna yara in ya ce zauna, zama nake yi. Mutane sun san ni da haƙuri, har suna yabona da shi. Yanzu ba na jin daɗin wannan yabon.

Wata rana ya ce in raka shi asibiti a Gashuwa. Ya ce hawan jini ne ya kama shi, kuma likitan can ya fi na garinmu iya ciwon. Muka shiga wani ɗaki a can bayan asibitin, ya nuna ni ya ce, "Ga ƙanina, shi zai riƙa karɓar mini in na yi tafiya." Aka rubuta wani abu, na dangwala yatsa. A hanyar dawowa, muna wuce Jajimaji, ya ba ni katinsa na asibitin a cikin leda ya kafa mini sharaɗi biyu. In na karɓo, in juye ƙwayoyin a baƙar leda in jefar da robar tun a Gashuwa. Sannan kada in kai gida, rumfarsa ta kasuwa zan kai. Ya ce ba ya son hankalin iyali ya tashi. Na ce to. Har na ji ya burge ni, na ce ga namiji mai tausayin iyalinsa.

Haka na riƙa yi duk bayan wata uku. In gama sayayyata, in bar buhuna a tasha, in je in zauna a kan benci in jira layi. Nas ɗin da ke ba da maganin wata dattijuwa ce mai tabarau. Kusan duk zuwa sai ta ce, "Malam, har yanzu bai kawo iyalin nasa ba?" Ni kuma sai in washe baki in ce, "Suna gaishe ku." Wallahi abin da nake faɗa ke nan. Na ɗauka kirki ne irin na mutanen asibiti.

Akwai abin da na sani, kuma ba zan ɓoye shi don in wanke kaina ba. Yayana yana da mace a Gashuwa, wata bazawara mai sayar da abinci kusa da tasha. Shi ya kama mata ɗaki. Duk 'yan kifi sun sani, a majalisa ma "reshen Gashuwa" suke ce mata a yi dariya. An ce akwai wata kuma a Kudu, inda ake sauke kaya, ita ban taɓa ganinta ba. Ni kaina na sha cin shinkafa da miyar kifi a wurin ta Gashuwan, tana ƙara mini nama saboda ni ƙaninsa ne. Ban taɓa ce masa Yaya ka ji tsoron Allah ba. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, wannan harkar manya ce.

Matarsa ta gida kuwa shekara goma sha bakwai suna tare. 'Ya'yansu biyar a raye. Ni da ita wasa muke yi, irin na matar wa da ƙanin miji, kuma namu ya yi suna a dangi. Ba na shiga gidan in fita lafiya. In na yi sallama sai ta ce, "Ga ƙaramin maigida nan, a ɓoye tukunya." Ni kuma in ce, "Uwargida, yaushe za ki rabu da tsohon nan ki dawo wurin mai jini a jika?" Ta taɓa zuba mini barkono a shayi ranar suna. Na taɓa ɓoye mata takalmi a gidan biki ta dawo gida da silifas na aro. A cikin wasan nan babu abin da ban faɗa mata ba. Sau nawa na ce mata, "Ke zauna nan, mijinki yana can Gashuwa ana yi masa fifita." Sai ta yi dariya ta ce, "Wa zai kwashi wannan, yana warin banda?" Gaskiya nake faɗa mata tana dariya, ni ma ina dariya.

A cikin shekarar farko da na fara ɗauko maganin ta haifi ɗa namiji. Yaron bai taɓa yin ƙiba ba. Gudawa, tari, farin baki, yau sauƙi gobe ciwo. Bai kai wata tara ba ya koma. Ni na ɗauke shi a hannuna zuwa maƙabarta, yayana yana gefena yana karɓar gaisuwa. Ban san abin da ya kashe yaron ba, kuma ba zan ce na sani ba. Amma yayana ya san abin da ke jikinsa a ranar, kuma ya yi shiru.

Bayan shekara ta sake samun ciki. A nan ne ya hana ta zuwa awo. Duk cikin da ta yi a baya ta je, wasu ma shi ya kai ta da kansa, har na yaron da ya rasu ta fara zuwa sai ya ce asibiti ɓata lokaci ne ta daina. Wannan karon cewa ya yi ko ƙofa kada ta nufa da sunan awo, tsohuwarmu ta haifi tara a ɗaki ba abin da ya same ta. Matata ta kawo mini maganar, ta ce matar Yaya tana ramewa, zazzaɓi ba ya barinta, sai maganin taifot ake saya mata a kemis. Na ce mata kowa da tsarin gidansa.

A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar a firamaren unguwarmu. Na kai wata takwas ina zuwa. Na fara haɗa baƙi, kuma wanda ya fara karatu da girma ya san yadda abin yake: duk rubutun da ka gani sai ka tsaya, na jikin mota, na buhun taki, na ƙofar shago.

Ranar da na koma karɓar magani, nas ɗin ta sake tambayata iyalinsa, na sake cewa suna gaishe ku. Sai ta ajiye biro ta cire tabarau.

"Malam, mu ba gaisuwa muke nema ba. Gwaji muke so a yi mata. Shi kansa ya yi wata nawa bai zo an duba jininsa ba."

Na ce, "Hajiya, hawan jinin ana ɗauka ne?"

Ta dube ni, ta dubi katin, ta sake dubana. Sannan ta miƙo mini robar ta ce, a hankali, "Ka je ka zauna da ɗan'uwanka ka tambaye shi. Ni ba ni da ikon faɗa maka."

Na fito na koma kan bencin na zauna. A bangon da ke gabana akwai wata babbar takarda mai hoton mace da miji da jariri. Shekara biyu ina zama a gabanta, hoton kawai nake gani. Ranar na sa ido na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da leɓena. Da Hausa aka rubuta. Ya ɗauke ni lokaci, amma na karanta. Ta ce mai ciki ta yi gwajin ƙanjamau, akwai maganin da ke kare jariri. Na dubi mutanen da ke kan bencin tare da ni, kowa da irin katina, kowa kansa a ƙasa. Sai a lokacin na gane ɗakin da nake zuwa.

Ban juye ƙwayoyin a leda ba. Da robar na kai masa rumfa washegari da hantsi, na dangwarar a kan kwalin banda. Ya yi wuf ya rufe ta da hula.

"Kai mahaukaci ne?"

"Yaya, maganin mene ne wannan?"

Ya ja ni bayan rumfa inda ake tara kwanduna. Bai musa ba. Da ya musa ma da na fi jin sauƙi. Cewa ya yi, "Jarrabawa ce Allah Ya ɗora mini. Kai kuma aka ce ka bincika?"

"Ita fa?"

"Ita wa?"

"Matarka, Yaya. Da abin da ke cikinta."

"Iyalina ne ko naka?"

"Shi ya sa ka hana ta awo."

Sai ya fara magana da sauri, ƙasa-ƙasa. In ta je awo za a gwada ta. In aka gwada ta 'yan'uwanta za su ji. In suka ji, Nguru ta ji. Wa zai ƙara cin abinci da shi a kwano ɗaya, wa zai auri 'ya'yansa mata? Ya ce ai lafiyarta ƙalau, taifot ne. Ya ce yana nan yana neman hanyar da zai gaya mata, in ba shi lokaci. A duk maganar nan da ya yi, kunyarsa kawai ya lissafa. Ko sau ɗaya bai ambaci ranta ba.

Na ba shi lokacin. Wannan ma ina jin haushin kaina a kansa. Mako uku na ba shi, cikinta yana wata bakwai. Kullum in bi ta rumfarsa in ce, "Yaya, ka faɗa?" Ya ce gobe. Ana cikin haka ya loda mota ya tafi Kudu ya yi kwana shida.

Na je wurin babban amininsa, wani dattijon dillalin kifi da ake jin maganarsa, ina ta kewaye-kewaye don kada in tona asiri. Sai ya katse ni ya ce, "Maganar Gashuwa ce? Ai mun sani." Ashe su uku suka san ciwon nasa a majalisar. Ɗayansu ma shi ya ba shi shawarar ya yi kati a Gashuwa don kada a gan shi a layi a gida. Dattijon ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai yaro ne. Namiji rufa wa ɗan'uwansa asiri yake yi." Ina da shekara arba'in da bakwai a lokacin. Mutanen nan suna cin tuwon matar nan duk ranar suna da ranar salla, suna ce mata sannu da aiki. Na tashi ban yi masa sallama ba.

Daga nan na wuce gidan Yaya. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, ƙafafunta sun kumbura, wuyanta ya yi tsawo. Tana ganina ta ce, "A ɓoye tukunya."

Na ce, "Uwargida, magana na zo da ita."

"Ka kawo sadakin ne?"

"Mijinki yana da ƙanjamau. Ni nake karɓo masa magani. Ki je a gwada ki."

Ta tuntsire da dariya har shinkafar ta zube. Ta ce, "Kai, ƙaramin maigida, Allah Ya shirye ka! Yau kuma da wannan ka zo? Duk don in rabu da shi? To ko ƙanjamau gare shi ya fi mai warin tattasai." Ta ɗauki muciya ta yi kamar za ta jefe ni. Na ce wallahi da gaske nake. Ta ce, "Wallahinka na nawa?" Gaskiyarta. Na sha rantse mata a kan ƙarya don a yi dariya. Na tsaya a tsakar gidan nan kamar gunki, ta ci gaba da tsintar shinkafarta tana girgiza kai tana murmushi. Na fita.

Da na koma gida na gaya wa matata komai. Ta yi salati ta zauna. Abin da ta fara tambayata shi ne, "Kai fa?" Na ce ni ban taɓa neman mata ba, amma in tana so mu je a gwada mu tare. Ta ce za mu je. Sannan ta ce, "Ba za ta taɓa yarda da bakinka ba in ka shiga yadda ka saba shiga."

Washegari da safe, bayan yara sun tafi makaranta, muka je tare. Na sa babbar riga. Na tsaya a zaure na aika matata ta nemo mini izinin shiga, abin da ban taɓa yi ba a gidan. Da na shiga na cire takalmi tun daga bakin ƙofa, na ƙi kujerar da ta turo, na zauna a ƙasa. Ta buɗe baki za ta yi tsokana, sai ta ga fuskar matata ta fasa.

Na ce, "Yaya, ina kwana."

Ban taɓa kiranta Yaya ba. Ta ce, "Lafiya?" Muryarta ta canja.

Na ciro katin na ajiye a gabanta a kan tabarma. Ita ta yi firamare, ta fi ni karatu. Na faɗa mata tun daga ranar da na dangwala yatsa har zuwa takardar bango. Na faɗa mata ta Gashuwa, wannan karon ba da dariya ba. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe katin tana kallon ranar da aka buɗe shi, tana lissafi da yatsu. Na san abin da take lissafawa. Sai ta ce, "Ashe lokacin ina da cikin marigayi."

Can ta ce, "Bai ba ni izinin fita ba."

Na ce, "Laifin a kaina. In ya tambaya, ni na fitar da ke."

Ta ɗauko hijabi. Matata ta tare keke suka shiga, na bi su a baya a kan mashin har asibitin garinmu, wanda yayana ya yi shekara biyu yana gudu. Muka yi gwajin mu uku. Ni da matata ba mu da shi. Ita tana da shi. A ranar aka ɗora ta a kan magani, aka ce da ta zo da wuri da ya fi, amma yanzun ma ba a makara ba, kuma lalle a asibiti za ta haihu don a ba jaririn nasa maganin.

Yayana ya dawo ya tarar da robar magani a kan akwatinta, a fili, ba a leda ba. Ya zo har rumfata, a gaban masu saye, ya ce na ci amanarsa, na shiga tsakaninsa da iyalinsa, na fitar masa da mata ba izini. Bai faɗi a kan mene ne ba, ni ma ban faɗa ba. Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "Yaya, katinka yana wurin matarka. Daga yau ka riƙa karɓo abinka da ƙafarka." Shi ne karo na farko da na mayar masa da magana tun da aka haife ni.

Na je wurin ta Gashuwan ma, don ita ma rai gare ta. Na ce ta je a gwada ta. Ta zage ni ta ce in tashi mata daga benci. Ban sani ba ko ta je.

Matar Yaya ba ta bar gidan ba. Ta ce ba za ta bar wa kowa 'ya'yanta ba. Ta gaya wa yayyenta maza da bakinta, suka zo suka yi zaman da suka yi da shi, ban halarta ba. Ta haifi mace a asibiti. Aka yi ta gwada yarinyar, tun tana 'yar makonni har bayan yaye, mu kuma muna jira. Duk ranar da za a karɓo sakamako ba na iya cin abinci. A gwajin ƙarshe aka ce ba ta da shi. Matata ce ta kawo mini labarin a kasuwa, na bar mudu a cikin buhu na zauna na rufe fuskata da hula.

Uwar kuwa za ta sha magani har ƙarshen ranta, a kan abin da ba ta je ko'ina ta nemo ba. Ta yi ƙiba yanzu, tana kiwon awaki, ita take zuwa karɓar maganinta da rana tsaka ta ƙofar gaba.

Tsohuwarmu ba ta san dukan zancen ba. Abin da ta sani shi ne ƙarami ya ɗaga wa babba murya a kasuwa, don haka duk salla sai ta kira ni ta ce in je in ba yayana haƙuri. Ina zuwa gidansa. Ina durƙusawa in gaishe shi, don yayana ne, ya amsa yana kallon bango. Haƙurin ne ban ba shi ba, kuma na gaya wa tsohuwa ba zan ba shi ba sai ranar da ya fara ba matarsa. Na tambayi matar tasa a sallar da ta wuce, ta ce har yanzu bai ba ta ba.